Sawun Malam Abdou

Hajja Azumi ce ta fara ganin ƙofar a buɗe. Da hantsin Juma'a ta fito za ta yi shanya a tsakar gidan ribaɗi, wato gidan wakafin da tsofaffin mata ke zaune a ciki, ta leƙa ɗan ɗakin ƙurya, ta ga gurbin bango fayau. Ƙunshin koren ƙyallen da ya saba zama a ciki ya yi ɓatan dabo. Ta saki bokiti ta ɗora hannu a ka, kuma kafin ta gama salati rabin Hausawan unguwar Harra ta Gabas a Madina sun cika ƙofar gidan.

Abin da aka ɗauke, in an kai shi kasuwa babu wanda zai ko taya. Faifan yumɓu ne gasasshe mai ɗauke da sawun ƙafar dama ta Malam Abdou, malamin da ya yi wa Faransawa tawaye a zamanin kakanni, ya ja jama'arsa suka yo gabas. Bai iso ba. A bakin wani kogi na Sudan ya ja sallarsa ta ƙarshe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, almajiransa suka yanko inda ya taka, suka gasa, suka goyo shi har Madina. A garin da ba a rubuta suna ko a kan kabari, wannan faifai shi ne kaɗai abin tunawa da shi. Shi ya sa ba wanda ya ce a kira shurɗa, wato 'yan sanda. Wa zai je ya gaya wa hukuma cewa an sace masa abin da in mutawwa 'yan hisba suka gani su za su fara fasawa?

Sai aka aika a kira Maigandi.

Maigandi mutumin Tanout ne, yana kiwon raƙuman wani Balarabe a bayan Uhudu. Dogo ne, mai tafiya kai a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Mutane ba sa son zama kusa da shi a wurin alwala, don yana gaisa da kai idonsa na kan yatsun ƙafarka. Ya san ƙafar kowa a unguwar, kuma daga sawu yakan gane jini, ya ce wannan ɗan wane ne, ko jikan wane.

Ya tarar da Mahmudu a tsakar gida yana huci. Mahmudu Bahaushe ne haifaffen nan, ɗan ƙasa, mai shagon yadi, kuma shi ne mai kula da ribaɗin da faifan. Shi kaɗai ke shiga ɗakin ƙurya. Yakan ja labule, ya fito da ƙunshin a rungume, jama'a su shafa ta kan ƙyalle, ya mayar. Tun zuwan Maigandi Madina, Mahmudu ne ya jawo shi jiki, ya sama masa aiki, kuma kowace la'asar tare suke shan shayi. Maigandi ba shi da kowa a ƙasar nan da ya wuce shi.

“Ka ga abin da aka yi mana, ɗan Nijar?” in ji Mahmudu. “Kuma yau ɗin nan! Wallahi ba na neman ɓarawo da nisa. Ga shi can.”

Ya nuna Mu'azzam, mai sharar ribaɗin, Bakano mai 'ya'ya a gida, wanda ke tsugune jikin bango ya rasa inda zai sa idonsa.

“Ni ne kafilinsa, da sunana yake zaune a ƙasar nan,” Mahmudu ya ci gaba. “In aka yi la'asar faifai bai fito ba, halas, na yi masa huruj, takardar fita, ya koma inda ya fito.”

Maigandi ya dubi Mu'azzam, ya dubi Mahmudu. Ya san abin da ya sa Mahmudu ya ce “yau ɗin nan”. Wata malamar makaranta, Raliya, ta zo daga Yanbu tana bin asalinta. Kakarta Ƙaltume ta rasu tana cewa su jinin Malam Abdou ne, ba ta bar wata shaida ba. Raliya ta bi tsofaffi a Yanbu da Jidda, kowa ya ce ta zo Madina. Hajja Azumi, wadda ba a tsallake maganarta a ribaɗi, ta yanke cewa bayan sallar Juma'a za a kwance ƙyallen, Raliya ta taka yashi, Maigandi ya auna sawu da sawu. Shi kansa Maigandi ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai don ɗoki. Kakansa na cikin waɗanda suka bi Malam suka karaya suka koma gida, ya mutu yana kukan haka. Shekara da shekaru Maigandi na roƙon abokinsa ya ɗaga masa ƙyallen ko sau ɗaya, Mahmudu na cewa ba a buɗewa.

“Kowa ya tsaya inda yake,” Maigandi ya ce. “Kun riga kun tattake mini tsakar gida kamar garken awaki.”

* * *

Daɓen ɗakin ƙurya jan yashi ne. Maigandi ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kamar yadda aka saba, ya durƙusa bai shiga ba. An share yashin tas, sabuwar shara, daga ciki zuwa ƙofa. A waje kuma, daf da dokin ƙofa, akwai sawun takalmin gudu irin na samari, an tsaya an juya.

Ya kira Mu'azzam.

“Tsintsiyarka ce wannan?”

“Tawa ce, Baba. Amma na rantse da Alƙur'ani ban taɓa shiga ɗakin nan ba. Alhaji ya hana ni tun ran da na fara aiki.”

“Share mini nan in gani.”

Mu'azzam ya ɗauki tsintsiya da hagu, ya share ɗan wuri a tsakar gida. Maigandi ya dubi wannan, ya dubi na ɗaki. Sharar ɗakin ta mai dama ce, kuma ta wanda bai saba da tsintsiya ba, yana danna ta kamar mai faɗa da ƙasa.

Wuri ɗaya ne tsintsiyar ba ta taɓa ba, ƙasan gurbin bango. Yashin nan ba a share shi, don daga shi mata ke ɗibar tabarruki. A nan, cikin inuwa, akwai sawun ƙafar dama tsirara, an danna da ƙarfi kamar mai miƙewa ya ɗauko abu mai nauyi. Ɗan yatsa na biyu ya hau kan babban, ƙaramin kuma ya karkata waje.

Maigandi ya daɗe yana kallo. Abin ya ba shi haushi, domin bai san ƙafar ba.

* * *

Sawun takalmin gudu bai ba shi wahala ba, na Saif ne, jikan Hajja Azumi, ɗalibi mai ɗangalallen wando da ke sayar da dabino a ƙofar masallacin unguwa. Kowa ya ji shi yana cewa faifan nan shirka ne, wata rana sai ya fasa shi.

“Ka zo ribaɗi da safe,” Maigandi ya ce.

“Aiwa, ya ammi.” Saif yana jin Hausa sarai, amma in zai amsa sai ya cakuɗa. “Na kawo wa jidda, kakata, fuɗur na karin kumallo. Na ga bab ɗin ɗakin ƙurya a buɗe, na leƙa, na ce alhamdu lillah, na wuce.”

“Ba ka gaya wa kowa ba?”

“Lesh? Don me? Ni ba na kuka don ɗin.” Ya nuna ƙasa da yatsa, wai yumɓu. “Wallah ya ammi, in ni zan fasa, da rana tsaka zan fasa, a gabanku, kuma da takalmina zan shiga. Ba na cire wa ƙasa takalmi.”

Yaron ba shi da kunya, amma ya faɗi magana. Wanda ya ɗauki faifan ya tuɓe kafin ya shiga, kuma ko yana sauri bai iya sa tsintsiya a yashin tabarruki ba. Wannan ba aikin mai ƙin faifan ba ne. Aikin wanda ya tashi cikin girmama shi ne.

To wa ke girmama shi, kuma Maigandi bai san ƙafarsa ba? Baƙo ke nan. Baƙuwa kuwa ɗaya ce a unguwar.

Ya sami Raliya a ɗakin Hajja Azumi, ya tsaya daga bayan labule.

“'Yata, da wa kika zo daga Yanbu?”

“Ni kaɗai da ƙanena, ya ammi. Ya sauke ni ya koma aiki a matatar mai.” Muryarta ta sauya. “Ni ake zargi?”

“Tambaya nake.”

“In ɗauke shi in kai ina? Ɗana ya dawo daga madrasa yana kuka, an ce masa takaruni marar asali. Ya ce, ‘Ummi, mu su wane ne?’ Na rasa abin da zan ce masa. Amsa nake nema, ba yumɓu ba.”

Ya sa aka zuba yashi a faranti aka miƙa mata ta bayan labule. Ta taka, aka fito da shi. Siririyar ƙafa ce mai zurfin tsakiya, yatsu a jere. Ko ƙanenta ba zai yi kama da sawun ɗakin ƙurya ba, jini ɗaya ba ya nisa haka. Ya ce a ajiye farantin a inuwa, kada kowa ya taɓa.

* * *

Bayan ribaɗin duwatsun harra ne, baƙaƙe masu kaifi. Nan ba a barin sawu, kuma duk wanda ya tashi a unguwar ya san haka. Abin da ɓarawon bai sani ba shi ne, yumɓun da ya daɗe yana zubar da gari, kuma ja a kan baƙi ba ya ɓuya. Maigandi ya bi ɗigon jan gari daga ƙofar baya, nan tsakuwa a birkice, can zaren koren ƙyalle a bakin wani tsohon ƙarfe, har wani kango da ake zubar da shara.

An daka faifan da dutse. An daka shi da gaske, yawanci ya koma tsaki. Maigandi ya zauna dirshan cikin shara, rana na dukan ƙeyarsa, yana tattara ɓaraguzan a gefen rigarsa, hawaye na zubo masa. Ga abin da ya ƙetaro hamada don ya gani, ga yadda ya gan shi.

Ƙarƙashin wani gwangwani ya tsinci guntu mai faɗin tafin hannu wanda ya tsallake dukan. Wajen yatsu ne. Ya hure ƙurar, ya juya shi ga haske.

Ɗan yatsa na biyu ya hau kan babban. Ƙaramin ya karkata waje.

Da farko murna ce ta kama shi, ya ce ashe ɓarawon jinin Malam ne. Sai ya ƙara dubawa. Jika na kama da kaka, amma ba ya gadon tabo, kuma ga ɗan yankan nan a gefen babban yatsa, a yumɓu da a yashi, wuri ɗaya. Wannan ba kama ba ce. Ƙafa ɗaya ce. Mutumin da ya rasu tun zamanin kakanni kuwa ba ya taka yashi da safiyar Juma'a.

Aka kira sallah. Maigandi ya miƙe ya nufi masallaci, ya zauna a wurin alwala yana bin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, duk sanannu. Can Mahmudu ya iso, ya yi masa murmushin gajiya, ya wanke fuska da hannuwa, sannan ya jiƙa hannu ya shafa a kan huffinsa, safar fatar da ba ya rabuwa da ita ko a tsakiyar zafi, wai saboda ciwon suga.

Maigandi ya bi huffin da kallo. Mutum ɗaya ne a duk Harra da bai taɓa ganin ƙafarsa ba, kuma da shi yake shan shayi kullum.

* * *

Bayan sallah ya ce a taru a tsakar gidan ribaɗi. Mata suka zauna ta bayan labule, Hajja Azumi kuwa, da shekaru suka ɗauke mata kunya, ta sa aka ajiye mata kujera a fili. Labarin sawun da ba a sani ba ya riga ya zaga.

“Ni dai na ce Malam ne ya zo ya ɗauki kayansa,” in ji ta. “Ya gaji da mu.”

“Hajja, Malam na inda Allah ya ajiye shi,” Maigandi ya ce. Ya zuba yashi a ƙasa ya daddale shi da tafin hannu. “Mu'azzam, taka.”

Ya taka. Saif ma ya cire takalmi yana gunaguni da Larabci, ya taka. Maigandi bai ko sunkuya ba.

“Ba su ba ne. Alhaji, saura kai.”

Mahmudu ya yi dariya. “Ni? Ɗan Nijar, rana ta taɓa ka ne? Ni zan saci abin da ke hannuna?”

“Cire huffin.”

“Ka san likita ya hana ni.”

“Likita bai hana ka da safe ba. Ka san ƙarya ce a cikin ƙyallen, amma ƙafarka ba ta iya shiga ɗakin Malam da fata ba. Haka ubanka ya koya maka, haka ka yi. Ka share ko'ina, ka kasa share yashin tabarruki.” Ya ciro guntun yumɓun ya ajiye a gefen yashin. “Cire, Mahmudu. Ko in roƙi samarin nan su cire maka.”

Tun da suke bai taɓa kiran sunansa haka gatsau ba. Mahmudu ya dubi Hajja Azumi, ya dubi ƙofa, sannan ya zauna a bakin dakali ya zare huffin dama a hankali. Ba sai ya taka ba. Kowa ya ga yatsan da ya hau kan ɗan'uwansa.

Hajja Azumi ce ta fara gane abin da take gani.

“La ilaha illallah. Ƙafarka muke shafa? Mahmudu, ƙafarka na sumbata shekara da shekaru?”

“Ina na gasken?” Maigandi ya tambaya.

Mahmudu ya yi magana kansa a ƙasa. Lokacin da aka rushe tsohuwar unguwarsu don faɗaɗa Harami, shi aka ɗora wa kwaso faifan daga bangon tsohon ribaɗi. Ya ce bari ya fara kwashe yadin shagonsa, gobe ya dawo. Da ya dawo, katafila ta riga ta wuce, ko bangon babu. Ya rasa fuskar da zai kalli tsofaffi da ita. Ya ɗebo yumɓu a wata gonar dabino, ya taka, ya gasa a tanderun mai burodi, ya naɗe da koren ƙyalle, ya ce daga yau ba a buɗewa saboda mutawwa. Da aka ce yau za a kwance ƙyallen, ya riga kowa, ya ɗauke faifan ya daka.

“Na yi ne don kada zuciyarku ta karye,” ya ce. “Wallahi don ku na yi.”

“Don mu za ka kori Mu'azzam?” in ji Hajja Azumi. “Tir. Ajiye mabuɗin nan. Kuma gobe ka mayar da kafalar Mu'azzam hannun baban Saif, ina raye ba za ka taɓa iƙamarsa ta zaman ƙasar nan ba.”

Mu'azzam ya kifa kai a gwiwa yana ta hamdala. Saif, da aka yi zaton zai yi dariya, bai yi ba. Ya matsa ya riƙe hannun kakarsa.

Maigandi bai ji sanyi ba ko kaɗan. Tambaya ɗaya ce ke cin sa, ya matsa kusa da Mahmudu ya rage murya.

“Yaushe ka fara sa huffi?”

Mahmudu ya kau da kai, Maigandi ya ci gaba.

“Na tambayi mai wankin masallaci ɗazu. Ya ce shekarar da na zo. Ka ji an ce wani mai bin sawu ya sauka a unguwa, ka rigayi kowa zuwa gaishe ni. Ka sama mini aiki can bayan Uhudu, nesa da nan. Da Fatna matata ke jinya a gida, kai ka ɗebo mini yashin nan da hannunka, ka ce in aika mata. Na aika. Ta rasu tana shafa shi.” Ya ƙura masa ido. “Gaya mini gaskiya sau ɗaya. Abota ce, ko gadi kake yi?”

Mahmudu ya ɗago, idonsa jawur.

“Da farko gadi ne,” ya ce. “Daga baya, wallahi Maigandi, daga baya…”

“Ya isa. Na farkon na tambaya.”

Daga bayan labule Raliya ta turo farantin yashinta waje da yatsun hannu.

“Ya ammi, ni fa? Sawuna fa?”

Maigandi ya durƙusa gaban farantin. Ya kalle shi fiye da yadda ake bukata, don bai san yadda zai fara ba. Yana iya ce mata e, babu mai ƙaryata shi a duniya, ta koma Yanbu da abin gaya wa ɗanta. Ya dubi guntun yumɓun da ke gefe, ya ga inda irin wannan tausayin ke kai mutum.

“'Yata, ƙafar mutanenmu ce, ta waɗanda suka yi doguwar tafiya. Wannan kam na gani. Amma ko ta Malam ce, abin da zan auna da shi yana ƙarƙashin marmarar Harami, alhazai na tattakawa. Ba ni da amsarki. Babu wanda zai ƙara samunta.”

Hannun ya ja farantin ciki a hankali. Ya ji ta tana kuka ƙasa-ƙasa, Hajja Azumi na cewa a yi haƙuri da muryar wadda ita ma ba ta da shi.

* * *

Da la'asar Maigandi ya isa ɗakinsa na bayan Uhudu. A ƙofar ɗakin akwai yashi mai laushi da ba ya bari a share, don ya riƙa sanin wanda ya zo ba ya nan. Sawun jiya na nan daram, nasa da na takalmin Mahmudu, kafaɗa da kafaɗa, daga inda mota ke tsayawa har gindin tabarma. Ga inda suka zauna, ga zoben da butar shayi ta bari.

Ya hura gawayi, ya ɗora buta. Da ya miƙa hannu sai ya ga ya ɗauko kofi biyu. Ya mayar da ɗaya. Sannan ya shiga garken raƙuma ya ɗauko tsintsiyar da yake kwashe kashi da ita, ya fara daga gindin tabarma, ya share har bakin hanya.